Maƙwabciyar Ulayuk

Lokacin da nake yarinya, teku kan daskare tun farkon Nuwamba, Ataata, wato babana, ya ɗaura karnuka a keken ƙanƙara mu tafi zangonmu na farauta. A bayan zangon akwai tudu, a jikinsa wata nanuk, farar beyar mai yagaggen kunne, take haƙa raminta cikin dusar ƙanƙara. Duk bayan shekara uku takan shiga ta haihu, ta yi watanni ba ci ba sha, sai wajen Afrilu ta fito a rame da 'ya'ya biyu a bayanta.

Mahaifina Ulayuk maharbi ne da aka sani, amma bai taɓa ɗaga mata bindiga ba. Maƙwabciya yake ce mata. Kawu Sakiasi, yayan mahaifiyata, ba ya barinsa ya huta.

"Suruki, ka je gaida maƙwabciyar taka yau? Ko tsoro ne ka sa wa suna zumunci?"

"Ta riga mu zama a nan," in ji Ataata. "Kai da ka zo jiya ma muna haƙuri da kai."

Shi ya koya mini kallonta daga nesa. Takan kwanta a bakin hudar ƙanƙarar da natsik, dabbar ruwan nan mai kitse, ke leƙowa ta sha iska, ta yi rabin yini ko motsi babu. In ta kama, kitsen take cinyewa ta bar wa diloli naman. Sau ɗaya na ga 'ya'yanta suna sulmiya a gangare, ita kuma tana hamma kamar Anaana, mahaifiyata, in mun dame ta.

Na girma, na auri Pilipusi, muka zauna cikin gari. Ƙanƙarar ta fara latti, har aka yi shekarar da Disamba ta kama teku na nan baƙi ƙirin, bai daskare ba. Nanuk suka rasa ƙanƙarar da za su hau su yi farauta, suka taru a gaɓa da yunwa, suna shigowa jujin gari. Mijina na cikin 'yan sintirin da ke korarsu da harsashin tsoratarwa.

Wata safiya ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba. Ataata na gidanmu yana shan shayi.

"Akwai wata tsohuwa da ta ƙi tafiya," in ji Pilipusi. "Sau uku muna korarta. Jiya an gan ta bayan makaranta. In ta dawo, harbewa za mu yi."

"Kunnenta na hagu fa?" in ji Ataata.

Pilipusi ya sunkuyar da kai. "A yage yake."

Ataata ya ajiye kofin. A lokacin ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun gaji. Ya aika aka kira Kawu Sakiasi.

"Da tsufanka za ka shiga kwalekwale a wannan sanyin?" in ji Kawu. "Saboda dabba?"

"In ba za ka iya tuƙi ba ka faɗa."

"Ni? Tashi mu je, kar ka nitse a ce ni na bar ka."

Na roƙe su su fasa, ba wanda ya saurare ni, sai na bi su. Muka yi awa huɗu a ruwa kafin Ataata ya harbo natsik biyu. Muka kai su wani tsinin ƙasa can nesa da gari, inda iska za ta ɗauki ƙanshin ta kai mata. Daga cikin kwalekwalen muka jira.

Da la'asar ta iso, tana tafe a hankali, fata na reto a jikinta. Ta ɗaga hanci wajenmu, sannan ta duƙa kan abincin. Wannan karon har naman ta ci.

"Ta tsufa," in ji Ataata.

"Kai ma haka," in ji Kawu, amma a hankali ya faɗa.

Ba ta sake shigowa gari ba. Bayan kwana tara teku ya daskare, Pilipusi ya bi sawunta har inda ya hau sabuwar ƙanƙara ya yi arewa. Ataata kuwa sanyi ya ci masa yatsu biyu, Anaana ta yi mako tana masa faɗa tana shafa masa mai. Shi ke nan shigarsa ruwa ta ƙarshe. Da bazara ya ba Pilipusi kwalekwalen.