Gidan da Aka Raɗa wa Suna Sau Uku

Shekara talatin ina rubuta allunan gidajen haya a Amagasaki ta ƙasar Japan, don haka na san abin da 'yan haya ba su sani ba. A nan idan mutum ya mutu shi kaɗai a ɗaki, gawa ta daɗe ba a farga ba, mai gida ba ya zaman makoki. Fenti yake sakewa, ya sauke tsohon allo, ya raɗa wa gidan sunan Turanci, don kada mai neman ɗaki ya ci karo da labarin. Da wannan nake cin abinci, kuma ban taɓa jin kunya ba.

Gidan Uwargida Horiuchi na bakin magudana sau biyu na sake masa suna. Ya zama Heights, wato tudu, bayan mutuwar wani direban tasi, alhali a kwari yake. Ya zama Court bayan wata bazawara. Yayana Shigeru yana ɗakin ƙasa na ƙarshe a can shi kaɗai, sai dai shekara biyu ke nan ba ma ga-maciji, tun rigimarmu kan kabarin mahaifiyarmu. Uwargidan ba ta san jininmu ɗaya ba, domin sunan dangin matarsa ya ɗauka.

Ranar Talata da hantsi ta shigo shagona tana fifita.

"Mai fenti, allo nake so. Wanne ya fi daɗi a kunne, Villa ko Residence?"

"Villa gidan hutun masu hali ne, uwargida. Naki kuwa ko ɓera ba ya hutawa a ciki."

"Bakinka ya yi tsawo. Villa ɗin nake so, da haruffan zinariya."

Na ɗauki alƙalami, sai na dakata. Matar nan ba ta ɓarnar fenti a banza.

"Wa ya rasu?" na tambaye ta.

"Ɗan sanda ka zama? Rubuta abin da aka ce maka."

Tana fita na kira wayar Yaya. Sau uku tana ƙara ba a ɗauka ba. Na ce wa kaina fushi ne, ai taurin kai gadonmu ne. Duk da haka tsoro ya hana ni zama, na hau keke.

Tun daga gada warin ya tare ni. Wasu maza cikin fararen kaya, baki da hanci a rufe, suna fito da tabarmi a naɗe cikin leda. An tsiba gishiri a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi a nan don tsarkake gidan mutuwa. Na tare babbansu.

"Wane ɗaki ne?"

"Na ƙasa, na ƙarshe. Kwana ashirin cikin wannan zafi."

"An sanar da danginsa?"

"Baba, wane dangi? A takardar haya, wurin wanda za a kira, da hannunsa ya rubuta babu kowa."

Ya gyara riƙon ledar, ya ce in matsa, na tare musu hanya.