Kafaɗar Wilfred

Tun suna yara Maccido da Wilfred suke buga badminton tare. A zauren taro na wata sakandare a Wurno suka fara, inda mahaifin Wilfred, mutumin Zuru, yake koyar da lissafi. Da suka girma sai suka shekara goma sha ɗaya suna wakiltar ƙasa a wasan 'yan bibbiyu. Maccido ke tsayawa gaba kusa da raga, Wilfred a baya, shi ke da dukan ƙarfi. Sun je Accra, sun je Kampala da Alƙahira. Ba su taɓa cin zinare ba, amma duk wanda aka haɗa da su ya san zai yi gumi.

Sai kafaɗar Wilfred ta dama ta lalace. Aka yi masa aiki, likita ya ce wata shida, aka yi wata goma. Ya koma Goronyo wurin yayarsa Justina, ma'aikaciyar jinya, yana jiran hannun ya warke. Koci ya haɗa Maccido da wani sabon ɗan wasa, Khalid, ya ce na ɗan lokaci ne. Bayan gasar Kampala ya kira Maccido gefe ya gaya masa haɗin ya zauna, zai buga wa Wilfred waya ya sanar da shi. Maccido ya roƙe shi ya bari, shi zai je da ƙafarsa.

Kwana biyu ya yi a hanya kafin ya iso Wurno, gwiwoyinsa a kumbure. Ya kwana uku a gida yana cewa gobe, sannan ya hau kabu-kabu zuwa Goronyo. Duk tsawon hanyar, tsakanin gonakin albasa, yana shirya magana yana warwarewa.

Ya iske Wilfred bayan gidajen ma'aikata da la'asar, ya ɗaura igiya a madadin raga tsakanin bishiyar dogonyaro da turken shanya. Ya rame, amma ya yi murna ƙwarai. Tun Maccido bai sha ruwa ba ya miƙa masa raket, ya ce ya zo ya ga yadda hannun ya dawo.

Suka fara. Maccido ya cilla ƙwallon gashin sama, nan take ya ga abin da yake tsoro: hannun yana kaiwa daidai kunne sai ya tsaya, Wilfred ya karkace jiki don ya ɓoye. Daga nan Maccido ya riƙa tura masa ƙasa-ƙasa, masu sauƙi. A karo na biyar Wilfred ya cafe ƙwallon da hannun hagu.

"Tun yaushe kah hwara jin tausaina cikin wasa?" in ji shi. "Ɗaga shi bisa, awa yadda kas saba."

Maccido ya ɗaga. Wilfred ya kai duka, raket ɗin ya suɓuce ya faɗi cikin rairayi. Ya daɗe riƙe da kafaɗar, sannan ya je ya zauna a kan benci.

"Mi yak kawo ka, Maccido?"

Maccido ya gaya masa komai, bai rage ba. Wilfred bai yi faɗa ba. Ya tambayi yadda Khalid yake wasa, ya ce ya gan shi a waya, yana saurin barin bayan fili, sai Maccido ya riƙa yi masa magana domin ba zai gane da kallo kawai ba. Ya ce shi ma ya san hannun ba zai dawo ba, igiyar yana ɗaura ta ne don yini ya wuce.

Sai Maccido ya ce ya yi tunani a hanya, shi ma zai bari. Tare suka fara, gara su aje tare.

"Kak ka ɗora man wannan," in ji Wilfred. "In ka gaji, ka ce ka gaji. Kak ka ce don ni na."

Justina ta kawo tuwo suka ci, aka yi hirar ruwan dam da farashin taki. Kafin magariba Maccido ya kama hanyar Wurno.

Ya ƙara shekara guda da Khalid. Sun ci tagulla sau ɗaya, kuma lokacin da ake rataya masa ita, abin da yake tunani shi ne yadda zai sauko daga dandamalin da waɗannan gwiwoyi. Da ya dawo ya rubuta wa koci layi biyu, ya ce ya gaji.

Wilfred ya samu aikin koyarwa a Rabah, hannun yana kaiwa rabin allo. Maccido yana noman albasa da ƙanensa. Sukan haɗu wurin suna ko ta'aziyya. Wilfred har yanzu yana bin sakamakon gasa, yakan ba shi labarin wa ya ci wa. Maccido yakan saurara, ya miƙe ƙafafunsa a tabarma.