Shinkafar Noboru

Mijina Tomekichi ya daina jin ɗanɗano tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara, kuma duk garin Odawara ni kaɗai na sani. Na gane ne ran da na manta ban sa gishiri a romon safe ba, ya shanye tas bai ce uffan ba, mutumin da a da ko ganyen shayi na canja sai ya wuni yana ɓata rai.

A shagonmu na sushi, wato curin shinkafa da yankan ɗanyen kifi, ƙa'ida ɗaya ce tun zamanin mahaifinsa: mai koyo ba ya yanka kifi, ba ya tsayawa gaban baƙi, sai ranar da maigida ya ɗanɗana shinkafarsa ya ce ta yi. Mai koyonmu Noboru ya zo mana yana saurayi. Yanzu furfura ta fara leƙo masa, kuma har yau kalmar nan yake jira. Kullum da safe zai dafa 'yar tukunyarsa ta gwaji, ya zuba ruwan tsami da gishiri, ya yi ta fifita yana juyawa da cokalin katako, sannan ya miƙa loma ɗaya da hannu biyu. Tomekichi ya tauna, ya ce, "Sake." Shinkafar baƙi kuwa maigidan ke haɗawa da kansa, don hannunsa ya haddace awon.

Wadda aka ƙi ita ce abincina na rana, ba ma zubar da shinkafa. Tun farkon bazara na san ta Noboru ta yi. Har ta fi ta mijina, ko da yake faɗar haka na yi mini ciwo.

Na tare Tomekichi yana wasa wuƙa a bayan shago.

"Tsoho, ka ce masa ta yi mana. Me zai ragu a jikinka?"

"In ce ta yi, alhali ni auduga nake ji a bakina?"

"To ni na ci, ta yi."

"Ke ai ko ta tashar jirgi aka ba ki, cewa za ki yi ta yi."

"Gaya masa gaskiya, to."

Ya ajiye wuƙar. "Sai a ce wanda ba ya jin ɗanɗano ne ya yaye shi. Ina zai je da wannan a garin nan? Ki bari, ƙila ɗanɗanon ya dawo."

Bai dawo ba. Na kai shi asibiti, na dafa masa duk abin da maƙwabta suka ce yana tada harshe, ba tare da na faɗi na wa ne ba. Shiru.

Shekaranjiya Noboru ya same ni ina wanke kofuna. Ya rusuna, ya yi ƙasa da murya.

"Uwargida, ke da kike ci kullum, me ya rage? Tsamin ne ya yi yawa?"

Na dubi hannayensa da ruwan sanyi ya tsattsage, tausayi ya kama ni. In na ce ta yi, na ƙaryata mijina a shagon ubansa, kuma maganata ba ta yaye kowa. Na ce ni ban san waɗannan abubuwa ba.

"Ba komai," in ji shi. "Laifina ne. Zan yi ta canjawa har in dace."

Jiya ya rage tsami. Yau ya ƙara gishiri, ya rage ruwa. Tomekichi ya tauna, idonsa na kan bango, ya ce, "Sake."

Da rana na zauna da kwanona kamar kullum. Shinkafar ta fara lalacewa.