Moeketsi Ya Shiga ta Mafita

Zagayen dutsen da ke bayan gonar Ntate Sefako (Ntate shi ne Malam a yarenmu) tafiyar kwana biyar ce, kuma ta hannun dama ake shigarsa. Haka aka shata shi tun kafin mu yi furfura. Ayari ɗaya Sefako yake bari ya wuce ƙofa kowace rana, don kada a cunkushe a kogunan dutsen da ake kwana a ciki, saboda haka mutum yana iya gama zagayen bai ga ɗan Adam ba. Mu 'yan ƙungiyar hawan dutse ta Ficksburg abin da muke so ke nan. Yawancinmu ko a gida ba wata hirar kirki muke da ita ba.

Moeketsi abokina ne tun muna makaranta, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba sai ƙanwarsa Puleng. Shekara huɗu ba sa ga maciji. Tana aikin jinya a Kanada mahaifiyarsu ta rasu. Ta roƙi a jira ta, jirginta ya makara, shi kuwa ya riga ya sa rana, ya yanka bijimi, ya tara jama'a. Aka binne tsohuwa ran Asabar kamar yadda ya tsara, Puleng ta sauka Lahadi.

Bana ta zo hutu, ta kama ranar Litinin a wurin Sefako, ita kaɗai, jirginta na komawa kuma Asabar da safe. Magana ba ta kwana a ƙungiyarmu. Moeketsi na ji ya kama Talata. Lambarta tana cikin wayarsa, amma kiran waya yana nufin wani ya fara sunkuyawa, haɗuwa a kan dutse kuwa ba laifin kowa ba ne. Sai dai da gwiwarsa ta hagu ko kunkuru ba zai cim ma ba, balle Puleng. Sai ya yi dabara: zai shiga ta mafita. Hanya ɗaya ce, dole su yi kiciɓis.

Sefako ya hana haka, don haka Moeketsi ya wuce ƙofa ta dama kamar mutumin kirki, har da ɗaga hula, yana shan kwanar garken tumaki ya karkata hagu.

Abin da ya manta, duk da shekarunsa a dutsen nan, shi ne fararen sawun da aka zana da fenti don nuna hanya suna fuskantar mai zuwa ta dama ne. Wanda ya biyo ta baya ƙeyar duwatsu kawai yake gani. Sai ya yi 'yar tafiya, ya tsaya, ya waiwaya ya ga ko akwai fari a bayansa, sannan ya san bai kauce ba. Ranar farko ya ɓata rabin yini a wani kwazazzabo da ba ya kaiwa ko'ina, gwaggon biri suna kallonsa daga sama. Inda mutane ke hawa da sarƙa shi sauka ya yi, da jakar da ta kusa rabin nauyinsa, gwiwar tana ƙara. Da yamma ya tuƙa ɗan tuwon masara a kan risho, ya ci da busasshen nama, ya kwanta a bakin kogo.

Daga baya ya gaya mini cewa duk kwanar da zai sha sai ya gyara fuska. Ya tanadi mamakinsa tsaf, har ya gwada shi a kan wata saniya: "A'a! Ke ce a nan?" Ya kuma ɗauko kofi biyu. A yashin ƙorama ya ga sawun takalmi yana fuskantar inda shi ma ya nufa, ya ce na makiyayi ne.

Mu kuma mun shiga tun Lahadi, ni da Mme, wato Malama, Dikeledi, tsohuwar shugabar makarantarmu wadda bakinta bai yi ritaya ba. Ranar Alhamis da hantsi muna shan shayi a gindin wani dutse sai ga shi yana ɗingisawa, yana tafe yana waige.

"Ikon Allah," in ji Dikeledi. "Wannan shekara mahaukatan ta baya suke fitowa. Ntate, wa ya biyo ka da kake ta waiwaye?"

"Sannunku. Canjin iska nake yi."

"Canjin iska! Kai da ko kujerar cocinka ba ka taɓa canzawa ba. Zauna kafin ƙafar nan ta cire."

Ya zauna. Ya karɓi shayi yana leƙen hanyar da muka fito. Can ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Ba kowa a bayanku?"

Na ce, "Wadda kake nema tana gabanka."

Na ba shi labari. Jiya da safe muka haɗu da Puleng, ita ma ta baya, tana zuba sauri kamar za ta kama mota. Ta ji ya kama Talata, ta san da wannan gwiwar ba zai taɓa iske ta ba, sai ta sha kwanar garken tumaki ta karkata hagu don ta tare shi. Ita ma canjin iska ta ce mana. Amma sau biyu tana tambaya ko mun san wace irin jaka yayanta yake ɗauka yanzu.

Moeketsi ya riƙe kofin bai sha ba. Na ga murna ta taso masa, na ga ya danne ta.

"To tashi mu koma tare," na ce. "Daga nan zuwa ƙofa ba nisa, kuma yanzu fentin zai dube ka. Gobe da rana tana fitowa ta gan ka zaune."

"Zaune ina me?"

"Kana jiran ƙanwarka, uban 'yan taurin kai!"

"Ta ga na zauna mata a ƙofa kamar mai roƙo? Zan cim mata a kogon gaba."

"Da wace ƙafar?" in ji Dikeledi. "Ta aro?"

Ya miƙe yana ɗaure jaka. "Shekara talatin ina wannan dutsen, ban taɓa shiga zagaye na bar shi a buɗe ba."

Abin haushin shi ne, dukanmu mun gane. A ƙungiyarmu wanda ya juyo a rabin hanya sai ya shekara ana yi masa dariya, ni ma na yi wa wasu. Shi ya sa ban riƙe masa jaka ba. Muna kallo ya haura, yana tafe yana waige, har hazo ya rufe shi.

Juma'a da hantsi muka fito. Dikeledi ta ce ba inda za ta sai ta ga ƙarshen wannan wauta, muka zauna a inuwar rumfar Sefako. Da azahar Puleng ta ɓullo ta mashiga, fuskar nan a murtuke. Ko jaka ba ta sauke ba ta ce, "Ɓuya ya yi, ko? Ya hango ni ya kwanta a ciyawa."

Na faɗa mata gaskiya. Ta tsaya baki buɗe, sai ta fashe da dariya, ta zauna a ƙasa tana yi har da hawaye. "Ta baya? Yaya Moeketsi? Da ƙafar nan? Saboda ni?"

"Saboda ke."

Ta share ido, ta dubi mafita, ta dubi motocin da ke ajiye. "To yana ina?"

"Ya bi ki."

"Kun gaya masa nemansa nake?"

"Mun gaya masa."

"Kun gaya masa in ya juyo zai same ni a nan?"

Dikeledi ce ta amsa. "Ya ce bai taɓa barin zagaye a buɗe ba, 'yata."

Puleng ta sauke jakarta. Sannan ta cire takalman dutse, ta kakkaɓe su, ta sa silifa. Ta zauna a kan motarta har inuwa ta kai shinge, alhali ta san sai gobe zai fito. Johannesburg, inda za ta hau jirgi, da nisa, jirgi kuma ba ya jira. Kafin magariba ta tafi.

Asabar da la'asar ya fito, ba tanti, ba risho, ya zubar da su a hanya don ya rage nauyi. Gwiwar ta kumbura har ya tsaga wandon. Ya dubi inda motarta ta tsaya, ya dubi Sefako.

"Ta bar saƙo?"

Sefako ya sosa ƙeya. "Ta ce a yi maka barka, Ntate. Ta ce ai ka rufe zagayen."