Jigon Ya Fanna

"Saki igiyar nan, Bunu."

Bunu bai ji zuwanta ba. Ƙwaryar jigo na hannunsa cike da ruwa, ya waiwaya ya ga maƙwabciyarsa Ya Fanna tsaye a kan gaɓar kogi, ta dogara da taɓarya, zane ya yi mata yawa. Wata uku ke nan ciwo bai bar ta ta leƙa ƙofar gida ba. Daga gidanta zuwa bakin Komadugu bai fi jifa biyu ba, amma ta iso tana haki kamar wadda ta taso daga Maine-Soroa a ƙafa.

"Ya Fanna, me ya fito da ke? Fangali huɗu kawai zan ba ruwa. Dubi tattasan nan, duk ya sunkuyar da kai."

"Na ce ka saki. Ina kwance a tabarma na gane hannunka. Jigon nan in ɗana ke jan sa, sai ya yi kuka ya tsaya, ya yi kuka ya tsaya. Yau na ji yana tafiya kamar kiɗan biki. Na ce wannan ba marayana ba ne, ɓarawo ya shiga lambu."

"Ɓarawo? Ni?"

Matan da ke wanki a gangare suka daina bugun zane. Babagana, ɗan Ya Fanna mai shekara goma sha uku, yana gefe yana hura tafin hannunsa da igiya ta saɓule. Ƙanwarsa Habiba tana tsugune a bakin fangali da ƴar fartanya, ita ce mai karkata ruwa daga wannan fangali zuwa wancan.

Difa a lokacin ƴan gidaje ne, kuma kowa ya san yadda ake yi da lambun bakin kogi. Ba a gadon sa kamar akuya. Na mai ba shi ruwa ne. In mai lambu ya mutu, gidansa kuma ba hannun da zai ja jigo, bulama, wato mai gari, sai ya ba wani. Mijin Ya Fanna bara ya rasu. Ƙanensa Sallau ya riga ya aiko daga Maine cewa in Allah ya yi nata, zai ɗauki yaron ya bi masa raƙuma, yarinyar kuma a kai ta wurin goggonta a Geskeru.

"Gobe in bulama ya tambaya wa ya ja ruwan tattasan nan," in ji ta, "ga shaidu can suna wanki, za su ce Bunu. Ka jiƙa mini fangali huɗu yau, ka raba mini ƴaƴa gobe."

"Ba zai iya ba, Ya Fanna! Ubansa ya kafa jigon daidai ƙarfinsa. Dubi dunƙulen lakar da ke gindin sandar, ya fi yaron nauyi."

"Yana da ido."

"To ki faɗa masa abin da zai yi mana."

"In na faɗa masa wannan, wa zai faɗa masa na gaba? Kabarina?"

Bunu ya saki igiya. Sanda ta yi sama, ruwan ya koma kogi. Ya Fanna ta ƙi ya riƙe ta, ta juya da taɓaryarta, taku uku ta huta, taku uku ta huta.

Lambunsa na jikin nasu, darnin kara ne kawai tsakani. Kwana huɗu yana jan nasa jigon yana kallon Babagana ya rataya a igiya da dukkan jikinsa, ƙafafu na lilo, kafin ƙwarya ta taɓa ruwa. Fangali biyu na can ƙarshe suka bushe ƙurmus. Shawarar na bakin Bunu, ba ta fi kalma biyar ba, yana haɗiye ta kamar ƙaya. Abin da ya fi cin sa shi ne bai san wanda ke da gaskiya ba. Tun yana yaro aka koya masa cewa shafa kan maraya ma lada ne. Ga shi yanzu matar da ta haifi marayan ta ce taimakonsa sata ce, kuma duk yadda ya juya maganarta bai sami inda ta karye ba.

Matarsa Kaltumi kam ta yanke nata hukunci. "Ciwon ya taɓa mata zuciya. Na kai musu tuwo, ta ce in mayar, wai Habiba ta tuƙa. Ka ga tuwon? Gudaji kamar tsakuwa. Ta zauna ta cinye, ita da ko kunu ba ya wuce mata, ta ce wa yarinyar gobe ta rage wuta."

Rana ta biyar igiya ta kuɓuce, Babagana ya faɗa kogi. Bunu ya yi tsalle ɗaya ya tsaya a jikin darni. Yaron ya fito yana tari, ya zauna a kan gaɓa, ya daɗe yana kallon gindin sandar. Can ya karɓi fartanyar Habiba ya hau sarar lakar, sai da ya zubar da rabi. Ya ja igiya, ta biyo shi da sauƙi. Amma da ƙwarya ta cika, ta ƙi tashi. Ya yi tsaki, ya kwance ta, ya ruga gida ya dawo da ƙaramar ƙwaryar awon geron uwarsa ya ɗaura.

Ruwa kaɗan take ɗaukowa. Sai dai ba ta tsayawa.

Ranar Alhamis da hantsi Ya Fanna ta aika a kira Bunu. Ya same ta an jingina ta da bango a inuwar ɗaki, fuskarta wajen kogi.

"Ka ji?" ta ce.

Jigon na kuka can, siriri, da sauri da sauri.

"Na ji."

"Ba kukan ubansa ba ne wannan. Nasa ne." Ta numfasa. "Ka yafe mini ɓarawon da na kira ka."

"Haba, Ya Fanna. Har yara sun fara kirana da shi a kasuwa."

Ta yi dariyar da ta ƙare da tari. "Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa musu ido, kada ka sa musu hannu. Hannunka a baya, Bunu."

Kafin azahar ta cika. Aka kai ta kafin la'asar.

Sallau ya iso ranar sadakar uku a kan raƙumi. Ana zaune a ƙofar gida bisa tabarmi, an gama addu'a, ya juya ga bulama ya fara zancen yaran da na lambun. Bai kai ƙarshe ba kukan jigo ya taso daga bakin kogi.

"Wane ne wannan?" in ji Sallau.

"Ɗan yayanka ne," in ji Bunu.

"Uwarsa ko kwana uku ba ta cika a ƙasa ba, yana lambu? Wannan ai rashin mafaɗi ne. Gobe da asuba za mu tafi."

"Jiya bai ba da ruwa ba, shekaranjiya ma haka. Tattasai bai san makoki ba, Sallau. Ita ta ce ya je."

Bulama, tsoho mai jan carbi a hankali, ya dubi Bunu. "Kai ne maƙwabcinsu. Faɗa mini tsakaninka da Allah, hannunka bai taɓa jigon nan ba?"

Bunu ya san kalma ɗaya za ta rufe maganar. Ya kuma san matar da aka binne ba za ta karɓi lambu a kan ƙarya ba.

"Ya taɓa. Sau ɗaya, fangali huɗu. Ta taso daga tabarmar ajali ta kira ni ɓarawo a gaban matan gari. Ka tambaye su. Tun daga ranar, duk ɗigon da ya shiga lambun nan yaron ne ya ɗebo shi, ƙanwarsa ta raba shi. Wanda zai ɗauke su, ya fara zuwa ya gani."

Bulama ya tashi, mutane suka bi shi zuwa gaɓa. Ya daɗe tsaye. Ya dubi lakar da aka sare, ya dubi ƴar ƙwaryar, ya dubi fangali biyun da suka bushe da sauran da suka yi kore shar, fure ya fara ɗaurewa. Babagana bai saki igiya ba, da kai ya gaishe su.

"Lambu da mai shi," in ji bulama. "Sallau, ka dawo lokacin tsinka ka taya su shanya."

Mutane suka watse, Sallau na gaba yana faɗa shi kaɗai. Bunu ya rage a jikin darni. Nan ya hango ruwa ya fasa kunyar wani fangali a bayan Habiba, yana tsiyaya wajen kogi. Taku biyu ne tsakaninsa da wurin. Ya kai hannu baya, ya kama ɗaya da ɗaya.

Ruwan ya yi ta zuba. Can yarinyar ta waiwaya, ta gani, ta tura laka da diddige ta toshe.