Manja a Shagon Tela

"Kada ka tsayar da keken," in ji Manja. "Ci gaba da ɗinkinka."

Tela ya ci gaba da takawa. Tun da mutumin nan ya tare a gidan da ke kallon shagonsa, kullum da yamma sai ya shigo, ya ja benci jikin bango inda zai riƙa ganin ƙofa, ya kashe wayarsa, ya zauna. Bai taɓa kawo ɗinki ba. Unguwa ta san soja ne a sashen leƙen asiri, don haka 'yan hira duk suka ƙaurace wa shagon.

Rannan Tela ya kasa daurewa. "Ranka ya daɗe, in ƙarata aka kai, a faɗa mini in san inda na dosa."

Manja ya yi dariya marar sauti. "Kai da ko ƙyallen mutane ba ka iya ɓoyewa?"

Washegari da safe Manja ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida, makullin mota a hannu. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Tela bai gamsu ba, don tun hawayen iyali ba su bushe ba wasu mutum biyu masu takalma iri ɗaya suka shiga ɗakin mamacin, suka fito da kwali. Ɗayansu ya tsaya ya daɗe yana kallon shagon.

Da Tela ya je yi wa matar Manja gaisuwa, sai ya rage murya. "Yaya, don Allah, me yake nema a wurina?"

"A wurinka?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Aikinsa sauraron wayoyin mutane ne. Masu shirya kisa, masu kuka, duk a kunnensa yake dawowa da su. Ko abinci ba ya iya ci. Ya ce ƙarar kekenka ce kaɗai ke rufe muryoyinsu."

Tela ya ƙura mata ido. Gaskiya ce, ko koya mata aka yi?

A tsakar gida an shanya kakin Manja a igiya, aljihunan a waje, ruwa na ɗiga a siminti.