Bencinan Tungar Dikko

Da aka ce kuɗin makarantu sun taso daga Legas sun sauka Sakkwato, Malam Kalilu, hedimastan Tungar Dikko da ke bayan Argungu, har azumin godiya ya yi. Yaransa a ƙasa suke karatu. Ga kuma Labbo, babban manomin shinkafar garin, ya ce in 'yarsa Laure za ta ci gaba da zama cikin turɓaya, gara ta koma fadama korar tsuntsaye. Kowa ya san in Labbo ya cire tasa, sauran iyaye binsa za su yi.

Ranar Talata sai ga mota shaƙe da bencina, sunan makarantar ɓaro-ɓaro a jikin kowane benci da koren fenti. Wani jami'i mai ƙaton tumbi ya ce gobe baƙo daga tarayya zai zo duba aiki, kowane yaro ya sa farar riga.

Labbo ya shafa benci ɗaya. "Malam, waɗanga namu na, ko aro munka yi?"

"Namu na, Baba Labbo. Na rantse maka."

Labbo ya ɗebi shinkafar iri ya kai kasuwa, tela ya ɗinka wa Laure riga.

Baƙo ya zo, ya leƙa aji ta taga kamar mai tayin akuya, ya ci kifi har da suɗe yatsu, ya yaba, ya tafi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba aka fara loda bencinan. A gaban idon Kalilu wani ya buɗe gwangwanin fenti, ya shafe sunan makarantar, ya soma rubuta na ta gaba. Nan Kalilu ya lura ƙarƙashin fentin akwai sunayen wasu makarantu sun kai uku. Tir! Abin ƙyama ne.

Ya tari jami'in. "Ranka ya daɗe, ina za a kai su?"

"Baƙo shina da makaranta huɗu gobe, Malam. Kai ɗai ka da yara?"

Da la'asar Labbo ya zo riƙe da hannun Laure. Bai ɗaga murya ba. Ya juya ta, ya nuna bayan sabuwar rigar, inda ɗanyen fenti ya zauna kore shar.

"Ga rabonmu na kuɗin gwamnati, Malam. Mun gode."

Washegari Kalilu ya buga ƙararrawa har hannunsa ya gaji. Daga fadama yake jin muryoyin 'yan ajinsa, suna korar tsuntsaye.